Burodi 41 a daren farko: sati biyu a gidan Kawu a Barlin

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna jirginmu ya sauka Barlin amma kafin in gama da masu duba fasfo in ɗauko akwatina gari ya yi duhu kamar an idar da isha'i, ƙarshen Nuwamba ne, sanyin kuwa ba a magana, irin wanda ke shiga ta kunne ya sauka cikin ƙashi. Kawu na tsaye a bakin ƙofar fita da wata jibgegiyar rigar sanyi a hannu, ko gaisawa ba mu gama ba ya ɗora min ita a kafaɗa. Ƙanin mahaifiyata ne, ya daɗe a Jamus, shi ya yi ta matsa min in zo in ga inda yake zaune da idona tunda duk bayanin da yake min a waya na kasa gane kansa.

Muna cikin jirgin ƙasa ya duba agogo ya ce, "Ɗana ka yi haƙuri fa, ba gida za mu wuce ba tukuna, yau ni ke da ɗauko burodi kuma ƙarfe shida suke rufewa." Na ce toh Kawu ba komai. Ni a zatona saya zai yi.

Muka sauka a Hermannplatz, unguwar Neukölln, muka ɗan taka ina jan akwati a kan duwatsun titi yana ta kwaramniya, har muka isa wani gidan burodi ana shirin kashe fitilu. Kawu ya ciro wani ɗan kati mai hotonsa ya nuna wa matar da ke shara, ta yi murmushi ta nuna masa lungu da haɓa, sai ga kwanduna huɗu cike maƙil. Akwai dogo akwai mai zagaye, akwai baƙi mai nauyi kamar bulo, akwai ƙanana masu riɗi a ka, har da masu zaƙi da tuffa a ciki. Na ɗan latsa ɗaya ta cikin takarda, wallahi da laushinsa, gashin safiyar ranar ne. Kawu ya sa safar hannu muka juye cikin manyan jakunkuna, manyan kaɗai na ƙirga 41, ya goge kwandunan ya jera su inda ya same su, ya yi mata sai da safe muka fito, ko sisi bai biya ba.

Na ce Kawu wannan fa? Ya ce, "Da ba mu zo ba, bola za shi."

Haka na shiga gidan, hannu ɗaya akwati hannu ɗaya buhun burodi. Tsohon gini ne mai hawa biyar da tsakar gida cike da kekuna, mutum 23 ne a ciki har da yara shida. Kowa da ɗakinsa, masu iyali irin su Kawu suna da ɓangarensu da ƙofarsu, amma a hawan ƙasa akwai kicin guda babba na kowa da kowa, da wani dogon tebur da aka haɗa da tsofaffin ƙofofi biyu, kujerun babu biyu masu kama da juna. A bango akwai allo an ja layuka, wa ke girki ranar kaza, wa ke wanke-wanke, wa zai je ɗauko kaya a wane shago da ƙarfe nawa. Kwana biyar a sati ake cin abincin dare tare, ƙarfe bakwai. Akwai asusun gida da kowa ke zuba abin da aka yi yarjejeniya a kai duk wata, da shi ake sayen mai da gishiri da shinkafa da abin da ba a samunsa a kayan da ake cetowa. Mazauna gidan kuwa taron dangi ne na gaske, akwai ɗalibai, akwai wani kafinta, akwai iyali 'yan Siriya, akwai wata direbar bas, sai wata dattijuwa Bajamushiya da ta haura tamanin wadda kowa ke kira Oma, wato kaka, nima tun daren farko haka na kira ta. Tukwane biyu aka ware da alamar fenti kore a hannunsu, naman alade ko giya ba sa shiga cikinsu har abada, Kawu ya ce tun ranar da ya tare aka yi wannan maganar sau ɗaya kuma ba a sake ba.

Katin nan da Kawu ya nuna na wata ƙungiyar 'yan sa-kai ce mai suna foodsharing, masu ceto abincin da shaguna za su zubar. A Disamban 2012 aka buɗe shafinta na intanet, Valentin Thurn mai shirya finafinai na cikin waɗanda suka assasa ta, daga baya ta haɗe da tafiyar wani matashi Raphael Fellmer wanda ya yi shekara biyar yana rayuwa ba tare da kuɗi ba don ya nuna yawan abin da ake zubarwa. Ba haka kawai kake zuwa ka ce a ba ka ba. Sai ka yi jarrabawa a kan dokokin tsafta da na ƙungiyar, sai ka bi tsofaffin hannu sau uku kana kallo, ka sa hannu a takardar cewa in wani abu ya faru ba za ka kama mai shago ba, sannan a ba ka kati. Sayar da abin da ka ɗauko haramun ne a wajensu. Kuma in ka rubuta sunanka za ka je ɗauka toh dole ka je, ko ruwa ake ko ƙanƙara, saboda in mai shago ya ware kaya sau biyu ba wanda ya zo zai ce ku bar shi kawai ya koma zubarwa ya huta.

Ranar Asabar ce babbar rana, saboda a Jamus yawancin shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi, duk abin da ba zai kai Litinin ba dole ya fita daren Asabar. Na bi ɗaya daga cikin ɗaliban, wata yarinya mai karatun aikin gona, ita tana tuƙa keken nan mai akwati a gaba ni ina binta da na Kawu, hancina na zuba don sanyi. Ta bayan wani babban kanti muka shiga, inda manyan motoci ke sauke kaya, wani ma'aikaci ya turo mana amalanke biyu ya koma abinsa. A nan muka tsuguna ƙarƙashin fitila muna tancewa. Ragar lemu ce mai guda goma sha biyu, ɗaya tak ya yi fumfuna, sauran sha ɗayan garau, amma gaba ɗayan ragar aka jefo saboda ba wanda ke da lokacin kwance ta. Ayaba kwali guda, laifinta kawai ta fara ɗigo-ɗigon baƙi. Latas da ganyen waje ya yi yaushi, ka ɓare biyu na ciki na ƙyalli. Kwalin ƙwai da guda ɗaya ya fashe. Tumatir, karas, barkonon nan mai zaƙi ja da rawaya, yogot kusan talatin, cuku, man shanu. Abin da ya lalace da gaske muka zuba musu a kwandon takinsu, bai kai cikin bokiti ɗaya ba, sauran muka loda har keken na rangaji.

Ni dai a hanyar dawowa shiru na yi, raina ya ɓaci sosai. Shago ɗaya ne fa, dare ɗaya, a titi ɗaya. Na yi ta lissafin shaguna nawa muka wuce a hanya masu irin wannan ƙofar bayan.

Yogot ɗin ne ya tsaya min a rai, don na duba na ga kwanan watansa jiya ya cika, na ce anya kuwa. Oma ce ta zaunar da ni da safe ta ɗauko kwali biyu ta aje a gabana. Ta nuna min rubutun na farko, mindestens haltbar bis, ta ce wannan alƙawarin kamfani ne kawai cewa har zuwa ranar nan ɗanɗano da launi ba za su canza ba, ba wai washegari ya zama guba ba. Ta nuna na biyu da ke jikin ledar nama, zu verbrauchen bis, ta ɗaga yatsa ta ce wannan kam ba a wasa da shi, niƙaƙƙen nama da ɗanyen kifi da kaza in ranar ta wuce shikenan, kar ka ci kar ka ba wani. Sai ta ɓare murfin yogot ɗin ta ce in duba, na duba, ta ce in shinshina, na shinshina, ta miƙo min ƙaramin cokali ta ce in ɗanɗana. Lafiyarsa ƙalau. Ta ce, "Ido, hanci, harshe, Allah ya ba ka su kafin a ƙirƙiro injin buga kwanan wata." Kawu ne ke fassara min yana dariya.

A ƙofar babban firij ɗin kicin an manna wata takarda da yarinyar nan ɗaliba ta rubuta da hannu, kullum in na je ɗauko madara sai na karanta. A 2022 duniya ta zubar da abinci tan biliyan 1.05 a shaguna da gidajen abinci da gidajen mutane, alƙaluman hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ne, kuma kashi 60 cikin ɗari daga cikin gidaje ya fito. A ƙasan wannan ta rubuta mutum miliyan 733, waɗanda suka yi fama da yunwa a 2023. Sai na Jamus kanta, kusan tan miliyan 11 a shekara, shi ma fiye da rabi daga kicin ɗin gidaje. Wannan na gidajen ne ya ba ni mamaki, don ni da na ga bayan kantin nan na riga na yanke hukunci cewa shaguna ne masu laifin duka. Ɗalibar ta ce a'a, na shago ne ake gani saboda a tare yake, na gida kuwa rabin burodi ne yau, sauran shinkafa gobe, kabeji da aka manta a ƙasan firij jibi, ba wanda ke ji a jikinsa. Ta ce kusan rabin gidajen Barlin mutum ɗaya ne kacal a ciki, kuma buhun dankali da ledar karas ba don mutum ɗaya aka ƙulla su ba.

A nan ne na fara gane abin da Kawu ya kasa fahimtar da ni a waya. Kayan da ake cetowa ba sa zuwa da tsari, ba kai ke zaɓa ba, yau a ba ka ayaba kwali guda gobe a ba ka kabeji goma sha biyar jibi ba komai sai burodi. In kai kaɗai ne a ɗakinka me za ka yi da ayaba saba'in? Ka ɗauko ta daga bolar shago ne kawai ka kawo ta bolar gidanka, ka sha wahalar banza. Amma in baki 23 ne ke jira, da hannaye da yawa masu yanka da firza babba da wadda ta iya dafa tuffa ta zuba a kwalba, sai ka ga kafin kwana biyu an ga bayan komai. Ni a ganina wannan dogon teburin shi ne ke riƙe da aikin gaba ɗaya, katin da keken duk masu kawo masa kaya ne.

Ranar Talata sunana ya hau allo, ni da Oma da matar Kawu da mutumin Siriyan nan muke da girki. Ba a tsara abin da za a dafa tun jiya, sai an juye kaya a tebur an tsaya an kalle su tukuna. Muna da kabewa uku, karas da ya fara laushi, albasa mai tsiro, barkono, tumatir da ya nuna ya wuce misali, da tarin burodin da ya kwana huɗu ya bushe ƙamas. Mutumin Siriya ya ja tumatir da barkono gabansa ya ce a bar masa. Matar Kawu ta jiƙa karas ɗin a ruwan sanyi, bayan rabin awa ya miƙe ya yi ƙarfi kamar yanzu aka ciro shi, ban taɓa sanin haka ba. Ni aka ba ni kabewa da wuƙa. Ɓawon karas da na albasa da gindin ganye duk ba a zubar ba, tukunya guda aka tara su aka tafasa aka tace ruwan, shi ya zama ruwan miyar.

Burodin kuwa na Oma ne, ba ta barin kowa ya taɓa. Ta yanka shi ƙanana-ƙanana da wata tsohuwar wuƙa mai haƙora, yatsunta sun lanƙwashe da tsufa amma ko kallon hannun ba ta yi, ta zuba madara mai ɗumi ta rufe da faranti ta ce a ba shi lokaci ya sha. Bayan nan ta fasa ƙwai ta zuba soyayyar albasa da ganye, ta cuɗa, ta jiƙa tafin hannunta tana mulmulawa tana jerawa a tire, ta ce in gwada, nawa na farko ya wargaje a ruwan zafi ta kama hannuna ta nuna min yadda ake matsawa kaɗan ba da ƙarfi ba. Semmelknödel suke kiransa. Sauran yankakken burodin ta ajiye na safe, a tsoma a ƙwai da madara a soya, wannan kuma sunansa Arme Ritter, wai matalautan barade.

Tana mulmulawa tana ba mu labari. Tana 'yar shekara shida aka toshe wa Barlin ta Yamma duk hanyoyin ƙasa, daga Yunin 1948 har Mayun 1949, komai ta sama ake kawowa, jirage na sauka a filin Tempelhof da ke nan bayan unguwar ɗaya bayan ɗaya dare da rana. Ta ce abin da ta fi tunawa busasshen dankali da garin madara, da yadda mahaifiyarta ke auna burodi da yatsa kafin ta yanka, sannan ta tattara ɓurɓushin da ya zuba a tebur da gefen hannunta ta zuba a kofi. Ta ce ita ba ta iya ganin burodi a shara, jikinta rawa yake yi. Mijinta ya rasu, ta yi shekara huɗu ita kaɗai a gida, ta ce a lokacin ta daina girki gaba ɗaya don wa za ta dafa wa, sai shayi da biskit, har ta rame likita ya fara yi mata faɗa, shi ne 'yarta ta samo mata ɗaki a nan. Na kalle ta na ce ashe akwai yunwar da ba rashin kuɗi ke kawo ta ba. Da daddare mutum 26 suka zauna a teburin har da baƙi, aka cinye tas, yara na rigima a kan na ƙarshe.

Washegari da rana na je na ga filin Tempelhof ɗin, an rufe shi tun 2008 yanzu wajen shan iska ne, mutane na gudu da keke a kan titin jirgi, a gefe guda kuma akwai lambun jama'a inda ake shuka a cikin akwatunan katako da tsofaffin bahon wanka. Sanyi ya kore ni da wuri.

Kar in sa ku ɗauka gidan aljanna ne, a'a. Ranar Lahadi da yamma ake taron gida, na zauna a gefe ina saurare, awa biyu da rabi ana magana ɗaya, wani ya bar tukunya a jiƙe kwana biyu, wata ta ce kullum mutum huɗu ne ke wanke firij sauran sai ci, kafintan nan ya ce shi ya gaji da burodi a daina karɓowa daga shago na biyun tunda ya fi ƙarfinsu, har muryoyi suka ɗan tashi. Kuma gaskiyarsa, don da idona na ga rabin jaka da ya yi kore a bayan ƙofa aka kai shi kwandon taki, Oma ta fita daga kicin ɗin don kar ta gani. Zama da mutane sai haƙuri, wanda bai iya ba ba zai yi wata uku a irin gidan nan ba, Kawu ya ce sun sha ganin masu zuwa da zumuɗi su tattara su tafi.

Abin da ya fi ƙarfin gida ana kai shi wani firij da kanta da ke cikin wata cibiyar unguwa, Fairteiler suke ce masa. Kowa na iya sawa kowa na iya ɗauka, ba mai tambayarka sunanka ko me ya sa. Akwai takardar dokoki a jiki, ba a sa ɗanyen nama, ba a sa abin da aka yi da ɗanyen ƙwai, ba a sa giya, akwai kuma jadawalin masu gogewa da duba sanyinsa kullum, don a 2016 hukumomin tsaftar abinci na Barlin sun taso wa irin waɗannan firij ɗin sosai har wasu suka rufe. Na zauna a benci kamar minti arba'in ina kallo. Wani dattijo da kwat mai tsafta ya zo ya ɗauki burodi biyu ya sa a jakar ofis. Wata uwa da yaro a keken jarirai. Wani saurayi da jakar barci a bayansa. Wata kuma ta zo ta ajiye madara da ƙwai, ta ce mana tafiya za ta yi gobe.

Ranar Alhamis direbar bas ɗin nan ta tafi da ni inda take aikin sa-kai, wani zauren coci da ake rabon kayan Tafel. Tafel ita ce babbar ƙungiya mai kwaso ragowar kayan shaguna tana raba wa masu ƙaramin ƙarfi, ta girmi foodsharing nesa ba kusa ba, a nan Barlin wasu mata suka fara ta a 1993, Sabine Werth na cikinsu, sun kwaikwayo ne daga City Harvest ta birnin New York, yanzu akwai irinta fiye da 900 a faɗin Jamus, na Barlin suna da motocinsu masu sanyi da ma'ajiyarsu a babbar kasuwar sari ta Beusselstraße. Ko a shago ma in Tafel na zuwa toh ita ce gaba, 'yan kati sai abin da ta bari. Amma nan sai da takarda, ka nuna shaidar cewa abin da kake samu bai kai ba, ka ba da yuro ɗaya ko biyu, a ba ka lamba ka jira. Tun kafin a buɗe layi ya zagaye ginin cikin wannan sanyin, yawanci tsofaffi masu ƙaramin fansho da mata masu yara da 'yan gudun hijira, kowa da 'yar jakarsa mai taya. A 2022 bayan yaƙin Yukren ya ɓarke ga tsadar kaya, masu zuwa Tafel a ƙasar sun kai wajen miliyan 2, rassa da yawa suka daina karɓar sababbin mutane don kayan ba sa isa.

Ni aka tsayar a teburin dankali da albasa. Wata tsohuwa ta zo gabana, gashinta a gyare tsaf da ɗan kunne, ta buɗe jaka ba ta ɗago kai ba ko sau ɗaya, na zuba mata na ƙara mata biyu, ta ce na gode a hankali kamar mai tsoron a ji ta. Wannan sunkuyar da kan nata ya bi ni har gida. Dankali iri ɗaya ne da wanda muke ci a dogon teburin can, wataƙila ma daga shago ɗaya, amma can Oma tana ci tana ba da umarni a miƙo mata gishiri saboda da hannunta aka dafa, nan kuwa wannan baiwar Allah sai da ta nuna takarda tukuna. Ba ina rage wa 'yan Tafel ba ne, wallahi mutanen kirki ne, tun asuba suke tsaye suna ɗaukar kwalaye kuma ba don su ba da gidaje da yawa sun kwana haka, kuma firij ɗin unguwa ba abin dogaro ba ne, yau ka samu gobe ka tarar wayam. Amma dai ƙasa mai arzikin Jamus a ce tsohuwar da ta yi aiki duk rayuwarta sai ta jira ragowar kanti, wannan ba ragowar kanti ce za ta gyara shi ba, ita kanta direbar haka ta ce min muna wanke tebura.

A daren muka yi doguwar hira da ɗalibar nan a kicin muna ɓare tuffa. Ta ba ni labarin wasu ɗalibai mata biyu a garin Olching kusa da Munich da aka kama a 2018 sun buɗe kwandon sharar wani kanti sun ɗebi kayan lambu da 'ya'yan itace, kotu ta ce sata ce, suka yi ta ɗaukaka ƙara har kotun tsarin mulki ta ƙasa, a 2020 ita ma ta ce hukuncin bai saɓa doka ba, abin da ke cikin shara na mai shago ne har sai motar shara ta kwashe. Na ajiye wuƙar na ce ki sake faɗa. Ta sake. Ta ce a Faransa kuwa tun 2016 doka ta hana manyan kantuna, masu faɗin murabba'in mita 400 zuwa sama, lalata abincin da ake iya ci, dole su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji su bayar. Maƙwabtan juna ne fa, iyaka ɗaya ce tsakaninsu. Muka cika kwalabe tara da dafaffiyar tuffa a daren, ta rubuta kwanan wata a murfin kowacce.

Ranar da zan tafi jirgina na rana ne. Na sauko da akwati na tarar an riga an goge sunana a allo an rubuta na kafinta a layin Talata. Oma ta naɗe min yankan baƙin burodi huɗu da cuku a takarda ta cusa a aljihun rigar, ta riƙe fuskata da hannu biyu ta faɗi wani abu da Jamusanci, Kawu ya ce wai in ci kafin in shiga jirgi kar in bari ya bushe. Akwai jaka biyu na burodin jiya a bakin ƙofa, Kawu ya ce tunda hanya ce mu biya mu ajiye. Muka biya ta cibiyar, na jera su a kanta, manya a ƙasa ƙanana a sama yadda aka koya min, ina cikin naɗe jakar sai ga dattijon nan mai kwat ya shigo, ya gaishe mu da kai, ya ɗauki biyu ya buɗe jakar ofis ɗinsa. Kawu ya duba agogo ya ce, "Ɗana ɗauko akwatinka, saura minti shida jirgin ƙasa ya iso."